Ruwa Ke Kayar Da Gida, Ba Laka Ba

Masu sauraro, duk shekara da damina ta yi nisa, gidajen karkara suka fara zubewa, sai a dawo mana da magana ɗaya: wai ginin ƙasa ya tsufa, a rushe a yi na bulo. Wannan magana ta ishe ni. Ko jami'i ne ya faɗe ta ko maƙwabci, kuskure ce, kuma tana sa talaka zuba kuɗinsa inda ba nan ciwon yake ba.

A je a dubi bangon da ya faɗi. Daga gindi ya ci. Ruwan da ya kwanta a jikinsa yana hawa cikin laka kamar yadda mai ke hawa lagwani, ya tausasa daidai wurin da ke ɗauke da nauyin gini duka. Da laifin laka ne, da benayen Shibam a Yaman, waɗanda ke tsaye tun ƙarni na 16, ba su kai yau ba. Haka masallacin Jenne a Mali, ginin 1907, wanda ake sabunta yaɓensa kowace shekara. Ruwa aka tsare musu, shi ke nan.

To yaya ake tsarewa? A haƙa harsashi har a tarar da ƙasa mai tauri, a ɗaga shi da dutse ko bulo akalla santimita 30 sama da doron ƙasa. A shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kansa kafin a ɗora tubalin farko, don ta yanke wa danshi hanya. Ƙasar da ke kewaye da ɗaki a yi mata gangare, kamar santimita 5 a kowace mita, ruwa ya gudu waje. In rufin kwano ne, bakinsa ya zarce bango da rabin mita ko fiye. In soro ne, indararo ya yi tsawo, a kuma jera duwatsu inda ruwan ke sauka, don tartsatsinsa shi ke ƙwaƙule gindin bango. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini kuwa, in yana kusa, a cike shi tun bai zama kududdufi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yaɓen siminti a kan bangon laka, wanda mutane ke ɗauka gyara ne. Siminti da laka ba sa buɗewa da tsukewa tare idan zafi da danshi suka sauya, don haka yaɓen sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, simintin ya hana shi bushewa, laka ta yi ta ruɓewa a ɓoye alhali waje fes. Ranar da ɓawon ya ɓalle, rabin bango ya tafi. Yaɓen laka mai ramno, ko na farar ƙasa, yana barin bango ya sha iska ya bushe.

Masu cewa bulo ne mafita, wane bulon? Wanda aka ƙwange wa siminti, aka shanya a rana ba ban-ruwa, kana murza shi yana zubar da yashi? Siminti na buƙatar danshi na akalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Ko bulo mai kyau ma, a dasa shi cikin ruwa ba harsashin kirki, tsagewa zai yi.

Saboda haka duk hukumar da ke shirin tallafa wa gidajen karkara, ta fara da harsashi, magudanar ruwa da bakin rufi, ta koya wa magina wannan aiki. A kuma yi shi da rani, lokacin da bango ya bushe, domin yaɓen da aka yi a kan jiƙaƙƙen bango ba ya kamawa.