Amsoshin Tambayoyinku: Labari Ɗaya, Bango Biyar

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga Agege ta fito, daga wani ɗanmu mai tara littattafan labarin zane na Amurka. Ya ce an nuna masa littafi biyu, labarinsu ɗaya, bango ne kawai ya bambanta, amma ɗaya ya ninka ɗayan kuɗi. Cuta ce, ko ya saya ya ajiye don riba?

Ɗana, ba cuta ba ce. In ka ga an ce bango 1:25 ne, sai mai shago ya yi odar kwafi 25 na gama-gari kafin a ba shi guda. Ƙarancin nan ake sayar maka.

Maganar riba kuwa, bi a hankali. Salon fitar da littafi ɗaya da bango daban-daban ya samo asali a 1986, da kamfanin DC ya fitar da The Man of Steel da bango biyu. A 1991 kamfanin Marvel ya zo da littafin X-Men na 1 da bango biyar, zanen Jim Lee. Huɗu daga ciki in ka jera su a tabarma sai su haɗe su zama hoto guda, kuma wallahi zanen ya yi kyau. An sayar da kwafi sama da miliyan 8, mutane suka ɓoye a leda suna jiran ya yi tsada. To abin da ke gidan kowa, wa zai biya shi da daraja? Kasuwar ta faɗi, shaguna da yawa suka rufe. Ni dai shawarata, ka sayi bangon da idonka ke so.

Sai wata baiwar Allah daga Idi-Araba, ta ce ƙarafunan da suka ɗinke littattafanta sun yi tsatsa, takarda ta fara fumfuna.

Ƙanwata, laimar Legas ce. Ki sa kowanne a ledarsa da kwali a baya, ki tsayar da su cikin akwati, ki ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bangon ɗaki da hasken rana. Wanda ya riga ya kamu, ki ware shi tun yau. Kuma in lokacin Lagos Comic Con ya zo, wato taron baje kolin littattafan labarin zane da ake yi a Legas tun 2012, ki leƙa ki ga masu zanenmu na gida, ki miƙa musu littafi su sa miki hannu a bango.