Kafin Ɗalibi Ya Ce "Ya Yi Kyau": Lacca Ga Malaman Zane-zane Na Sakandare

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayena malamai, 'yan'uwana, barkanmu da warhaka.

Wannan babbar rigar da na rataya a jikin allo ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Da ita nake buɗe darasi duk shekara da 'yan aji huɗu. In na tambaye su me suka gani, amsarsu ɗaya ce: "Malam, ta yi kyau." Sai in ce musu yau ba mai faɗin kyau ko muni a ajin nan. Kowa ya yi shiru minti biyar, ya zuba mata ido.

Minti biyar ɗin nan yana yi wa yaro tsawo, balle wanda ya saba da waya, yatsa na ture hoto tun ido bai sauka a kansa ba. Ku daure, kada ku cike musu shirun da bayani. Bara wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, aikin ya fi yawa a hagu, wajen aljihu, kuma ya haura kafaɗa ya zarce baya." Wani ya taso ya ƙirga dogayen siffofin nan masu tsini da suka kalli ƙasa, ya ce takwas ne. Sai a lokacin na gaya musu sunan aikin: aska takwas. Wannan da'irar mai murɗe a dama, wadda aka maimaita a baya, ita ce tambari. Da na fara da sunayen, da sun haddace sun rubuta mini a jarrabawa, ba wanda zai ƙirga ko aska ɗaya.

Daga nan sai in haɗa su biyu-biyu, su juya wa juna baya. Ɗaya yana kallon abu yana siffantawa, ɗayan yana zana abin da ya ji. Nan ake gane cewa "wani abu haka" ba bayani ba ne. Dole yaro ya nemo kalma: a tsaye yake ko a karkace, siriri ne ko mai kauri, da kaushi ko da santsi, shuɗi ne ko baƙi mai sheƙi irin wanda ya sha bugu a mabuga. Kalmomin nan suna bakin kakanninsu. Don Allah ku bar su su fara da Hausa, Turancin jarrabawa zai biyo baya.

A mako na uku nake kawo hoton kan mutum-mutumin Nok. Wasu iyaye kan yi ɗari-ɗari da wannan, kuma ina girmama damuwarsu. Nakan bayyana musu cewa shaidar tarihi muke dubawa, aikin hannun mutanen da suka zauna a ƙasar nan fiye da shekara 2000 da suka wuce. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da irin waɗannan a 1928, kusa da ƙauyen Nok a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan mutum-mutumi daga yankin Jama'a, wanda aka ɗora a gonar doya don korar ɓarna. Shi Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihi na Jos, aka buɗe a 1952.

Amma duk wannan labarin sai a ƙarshen darasi nake ba su. Da farko su duba. Za su ce idon kamar kusurwa uku yake, girar ta lanƙwasa, an gyara gashin tsaf. Sannan wani ya lura akwai huda a ƙwayar ido, da hanci, da baki. Me ya sa? Na taɓa samun ɗalibin da mahaifiyarsa maginiyar tukwane ce. Ya ce, "Malam, in cikinsa rami ne, ai sai an bar wa zafi hanyar fita, in ba haka ba ya fashe a wuta." Wallahi na ji daɗin amsar nan, domin haka masana ke bayani: da yumɓu aka gina su, cikinsu fayau kamar tukunya, aka gasa. Yaron daga abin da idonsa ya gani ya isa can, ya haɗa da abin da ya sani a tsakar gidansu.

Wanda ke da halin mota ya kai ɗalibansa Gidan Makama a Kano, ko Zariya su ɗaga kai su ga bakan gizon rufin da shahararren magini Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a. Wanda ba shi da hali, akwai ƙwarya mai zane, akwai hula zanna, akwai dagi a bangon wani tsohon zaure a unguwarku.

Na ga an ɗaga mini hannu, lokaci ya cika. Mai son ganin rigar ya matso kusa, amma a taɓa a hankali, zaren ya tsufa. Wassalamu alaikum.