Maɓalli 29: Yadda labarin waliyyan Kirista ya shiga kayan ma'aikata

(Lacca ce da aka gabatar wa ɗaliban koyon ɗinki, aka rubuto ta daga faifan murya.)

Malamai, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka. Na gode da kuka rufe kekunanku kuka zo, na san yau ranar aiki ce.

Kafin in ce komai, ina son mutum ɗaya ya taso. Ke, 'yata, mai shuɗin mayafi, zo ki duba rigar nan da na rataye a jikin allo. Ƙirga mini maɓallanta duka, har da na ƙirji da na hannu. Bi a hankali. Nawa kika samu? 29. Madalla, Allah ya yi miki albarka, koma ki zauna.

Baƙar rigar nan ni na ɗinka ta, na kwaikwayo ta ne daga rigar masu haƙar ma'adinai na Ostiriya da wasu sassan Jamus. Su suna kiranta Bergkittel. Telan can ba zai sa mata maɓalli 28 don ɗaya ya ɓace masa ba, ba kuma zai ƙara ya cike 30 ba. Dalili shi ne, a wurinsu kowane maɓalli shekara ɗaya ce daga rayuwar wata mata da ake kira Barbara, wadda suka ce shekararta 29 aka kashe ta.

Na san a ɗakin nan akwai Musulmi, akwai Kirista. Ba wa'azi ya kawo ni ba, ɗinki ya kawo ni. Kalmar waliyyi da za ku yi ta ji a bakina, ita ce 'yan Katolika masu jin Hausa ke kiran bayin Allahnsu da ita, ni ma da ita zan tafi.

To, wace ce Barbara? Hikayar ta ce 'yar wani attajiri ce mai suna Diyoskorus, a birnin Nikomidiya, inda yau ake kira Izmit a Turkiyya. Uban bai yarda kowa ya ga 'yarsa ba, sai ya kulle ta a cikin hasumiya. Da zai yi tafiya ya sa magina su yi mata ɗakin wanka mai taga biyu. Ya dawo ya tarar da taga uku. Ya ce wa ya sa? Ta ce ita ce, don ta zama Kirista, tagogin nan uku kuma shaidar imaninta ne da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ya zare takobi, ta ruga, dutse ya tsage ya ɓoye ta. Daga baya aka kama ta, aka azabtar da ita, uban da kansa ya fille mata kai. Yana kan hanyar komawa gida aradu ta faɗo masa, ya ƙone ƙurmus.

Ku riƙe abu biyu daga labarin: dutsen da ya tsage, da aradun da ta faɗo babu sallama. Mutumin da ke shiga ƙarƙashin ƙasa kullum da asuba, waɗannan biyun su ne rayuwarsa. Dutse ne ɗakinsa, dutse ne kuma zai iya zama kabarinsa. Tun daga 1627, lokacin da aka fara fasa dutse da albarushi a wata mahaƙa da ke Slobakiya ta yau, aradu ma ta bi shi cikin ramin. Abin da ya fi tsoro shi ne mutuwar farat ɗaya, wadda ba ta barin mutum ya tuba ko ya yi sallama da iyali. Shi ya sa masu haƙa suka riƙe Barbara, haka ma sojojin igwa da masu aikin nakiya. Ranarta 4 ga Disamba. Har yau idan ana haƙa hanyar jirgin ƙasa ta cikin dutse a Turai, za ka ga an sassaƙa ɗan gurbi kusa da bakin ramin an ajiye siffarta. Ramin Gotthard na Suwizalan, mai tsawon kilomita 57, wanda aka buɗe a 2016, shi ma haka aka yi masa.

Yanzu ku dubo rigar, nan ne ya shafe mu. Kun ga wannan faffaɗar wuyan da ta sauko ta rufe kafaɗa kamar ɗan mayafi? Asalinta aiki take yi. A cikin rami ruwa na ɗiga daga sama, tsakuwa na zubowa, ita ke tare su kada su bi ta wuya su shiga jiki. Da aka zo yanka bakinta sai aka yi mata tsini tara, aka ce shekarun da Barbara ta yi a kulle ke nan. Wannan gezar da ke lilo a hannun riga, ta samo asali ne daga lagwanin fitila da igiyar kunna albarushi da mai haƙa ke ɗaurawa a jikinsa don kada su yanke masa a ƙasa. Baƙin yadin duhun rami ne. Ruwan zinaren maɓallan kuwa hasken rana ne, wanda mutum ke fatan ya fito ya sake gani. Sai ukun nan na sama, waɗanda ba a ɓalla su. Wasu sun ce tagogi ukun ne, wasu sun ce bangaskiya da bege da ƙauna, wasu kuma sun ce shekarun azabarta ne. Kowace mahaƙa da yadda kakanni suka faɗa mata.

Abin da ya kama zuciyata a rigar nan shi ne, babu hoton Barbara a jikinta ko ɗaya. Duk labarin yana cikin yanka da ƙirga. Wanda bai sani ba zai ga riga ce mai kyau, ya wuce. Wanda ya sani kuwa, duk sanda ya zo sawa yatsunsa na bin shekarun matar nan ɗaya bayan ɗaya. Aikin tela ke nan da ya san abin da yake yi.

Kada in bar ku da kuskure. Yau ba da ita ake shiga rami ba, akwai hular kwano da kayan kariya na zamani. Ta koma rigar girma: ranar Barbara, ranar aure, da ranar da za a raka abokin aiki makwancinsa. A jami'ar ma'adinai ta Leoben a Ostiriya, sababbin ɗalibai kan sa ta su tsallake wata fata, irin wadda masu haƙa ke ɗaurawa a ƙugu ta baya don zama a kan jiƙaƙƙen dutse, sannan a karɓe su cikin sana'a. A Folan kuma har da doguwar hula mai gashin tsuntsu, launin gashin ke faɗin matsayi: kore na shugaban mahaƙa, fari na masu sa ido, baƙi na ma'aikaci, ja na 'yan badujala. Jamus ta rufe mahaƙar baƙin kwal ɗinta ta ƙarshe a Bottrop cikin Disamban 2018, amma rigar ba ta bi ramin ba, tsofaffin ma'aikata na nan suna sa ta.

Bari in zo kan 'yan'uwanmu na sana'a. A Faransa, matan da ke ɗinki da yin huluna a manyan gidajen tufafi na Paris suna da tasu waliyyiyar, Katarina ta Iskandariyya. An ce budurwa ce mai ilimi, wadda sarki Maksentiyus ya tara mata masana 50 su kayar da ita a muhawara, ta kayar da su. Ya nemi aurenta ta ƙi. Ya sa a ɗaure ta a jikin wata babbar ƙafar amalanke da aka kakkafa wa wuƙaƙe, tana taɓa ta ƙafar ta tarwatse, sai aka sare ta da takobi. Saboda ƙafar nan, masu sana'ar da ke juyi, kamar masu kaɗi, suka ɗauke ta tasu. Saboda ƙin auren kuma ta zama ta 'yan mata. Ranarta, 25 ga Nuwamba, duk wadda ta kai shekara 25 ba ta yi aure ba, abokan aikinta kan haɗu su yi mata hula mai kore da rawaya, su ƙawata ta da duk gwanintar da suke da ita, ta sa ta a wurin aiki, a fita titi da ita. Gidaje irin su Dior da Chanel ba su bar al'adar ba. Ku tuna su wa ke wannan biki: mata ne da ke shekara suna ɗinka wa matan attajirai kayan da ba za su taɓa iya saye ba. Rana ɗaya ce hannunsu ke yi wa kansu aiki. Ni ina ganin girman wannan ƙwarai.

Wani zai ce, Malam, anya labaran nan sun faru? Cocin Katolika da kanta ta cire ranar Barbara da ta Katarina daga babbar kalandarta a 1969, don masana tarihinta ba su sami hujja mai ƙarfi a kansu ba. An mayar da Katarina a 2002. Masu haƙa dai ba su cire maɓalli ko ɗaya ba.

Akwai wanda tarihi ya tabbatar da shi, Martin, sojan Rum da ya zama bishop na birnin Tours a Faransa ta yau, ya rasu a 397. Shi ne aka ce ya haɗu da almajiri yana rawar ɗari a ƙofar birnin Amiens, ya zare takobi ya raba alkyabbarsa ta soja biyu, ya ba shi rabi. Sarakunan Faransawa na dā suka adana ragowar, har yaƙi suke zuwa da ita. Sunan alkyabbar da Latin cappa, daga nan aka sami chapelle, wato ɗan ƙaramin ɗakin ibada, aka kuma sami sunan limaman da ke bin sojoji. Rabin rigar aiki ke nan.

Me ya sa na ɗauko muku duk wannan? Bara wata baiwar Allah ta zo shagona da hoto a waya. Sabon aiki ta samu a ofis, tana son doguwar riga mai zanen ƙafar amalanke da wuƙaƙe zagaye da gindinta, ta gani wurin wata mai tallan kaya. Na ce, 'yar'uwa, kin san mene ne wannan? Ta ce ado ne. Na zaunar da ita na ba ta labarin Katarina. Ta yi shiru, can ta ce, ashe abin kisa zan ɗaura in tafi ofis. Kirista ce, kuma ta ji labarin har cikin ranta, don ita ma da karatu ta kai inda ta kai. Muka bar zanen. Na yanka mata kwat da siket na koren yadi mai duhu, na yi masa shafi da rawaya ta ciki, na zagaye bakin hannun da siririn zare rawaya. Babu wanda zai tare ta a ofis ya ce ta zo da addini, ita kuwa ta san abin da ta sa.

Ba ita ta ɓata mini rai ba, wanda ya buga zanen ya sayar ba tare da ya tambaya ba ne. Abin da wasu suka riƙe da hawaye bai kamata ya zama kwalliyar mako ɗaya ba, ko na Kirista ne ko na Musulmi ne. Mu nan mun san darajar tufa mai ma'ana. Ku dubi iyayenmu na Zumuntar Mata ranar taro, zane ɗaya, ɗankwali ɗaya, kowace ta san abin da ta ɗaura. Ku dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga. Idan mai kaya ya kawo muku alamar da ba ku sani ba, ku tambaya kafin almakashi ya taɓa yadi. In shi ma bai sani ba, ku bincika tare.

Lokaci ya tafi, na ga Malama tana duban agogo. Zan sauke rigar in shimfiɗa ta a kan teburin yanka. Ku zo biyar-biyar, ku juya wuyan ku ga yadda na kama tsinin nan tara ta ciki, don nan ne ya fi ba ni wuya, sau uku ina farkewa. Wanda yake so ya gwada ta, ya gwada. Abu ɗaya nake roƙo, maɓallan nan uku na sama, a bar su a buɗe.