Rijiyar bakin kogi: yadda yashi ke tace ruwan sha

Assalamu alaikum masu sauraro. Darasinmu na yau na mutanen bakin kogi ne: Kusiri da Njamena a gaɓar Logon da Shari, Garwa a bakin Binuwai, da Marwa, inda kogin Mayo Tsanaga ke ƙafewa da rani amma ruwa na nan kwance ƙarƙashin yashi.

Maimakon a ɗebi ruwa a kogin kai tsaye, sai a haƙa rijiya a gefe. In ana jan ruwan rijiyar, na kogi zai riƙa tsatsowa ta cikin yashi yana shiga rijiyar. A kan hanyar ne laka ke maƙalewa, ƙwayoyin cuta da yawa su mutu. Birnin Dusuldof na Jamus da wannan dabara yake sha daga kogin Rayin tun 1870.

To, a kula, lokaci ne ke yin aikin. A Jamus ana so ruwa ya yi kwana 50 a ƙasa kafin ya iso rijiya. Saboda haka kada a manna ta da gaɓa. A ja baya kamar mita 30 zuwa 50, in yashin garas-garas ne a ƙara nisa, don ruwa na gudu a cikinsa. A fara gwada ƙasar: a jiƙa, a dunƙula a hannu. In ta wargaje, madalla. In ta dunƙule tana danƙo, irin baƙar ƙasar da ake dasa masakwa, a bar wurin, ruwa ba zai ratsa ba. A guji gaɓar da ke zaizayewa, masai kuma ya yi nisan aƙalla mita 30.

A watan Afrilu ko Mayu ake haƙa, lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai. Zoben siminti na ƙasa su zama masu huji, a zagaye su da wankakkiyar tsakuwa ƙanana, kaurin santimita 10 zuwa 15. Mita uku na sama kuwa a toshe bayansu da yumɓu ko siminti. Nan ne aka fi yin ganganci, wallahi, kuma nan ne ruwan sama mai kashin dabbobi ke zurarawa ciki. Bakin rijiyar ya ɗara inda ambaliya ta taɓa kaiwa, a yi daɓe kewaye, a sa murfi da famfo.

Kada a sa babban inji a yi ta zuƙa. Ruwa zai zo da sauri bai tatu ba, laka kuma ta toshe gindin kogin, rijiya ta ja baya. In ruwan ya yi ja bayan an ɗebo, yana ƙarnin ƙarfe, iska ce ta yi ƙaranci a ƙasa. A juye shi daga bokiti zuwa bokiti, a bari ya kwanta, a tsiyaye.

Yashi ba ya cire gishiri, ba ya kuma kashe ƙwayoyin cuta duka. A sa kulorin, a jira minti 30 kafin a sha, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa, sai an yashe ta an wanke da kulorin kafin kowa ya ɗiba.