Daga Hoogeveen zuwa ƙwallo ta ɗari: jawabi kan Vivianne Miedema da 'ya'yanmu mata

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai girma shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, malamai, da sauran 'yan'uwa da suka baro garuruwansu daban-daban na ƙasar Holan domin wannan zama, ina yi muku barka da zuwa, Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

A zamanmu na baya wata baiwar Allah ta kawo ƙorafi cewa 'yarta ta matsa mata lamba sai an sa ta a kulob ɗin ƙwallon ƙafa na unguwa, kuma hoton wata Baturiya mai suna Miedema ta manna a bangon ɗakinta. Shugaba ya ɗora mini nauyin in zo da bayanin ko wace ce wannan mata, domin kada mu yanke hukunci a kan abin da ba mu sani ba.

An haifi Vivianne Miedema ranar 15 ga Yuli, 1996, a Hoogeveen, wani gari madaidaici a lardin Drenthe, can arewa maso gabashin wannan ƙasa. Mahaifinta ya buga ƙwallo, kakanta ma haka, ƙanenta kuma ya biyo sahu. Tana da kimanin shekara biyar ta shiga kulob ɗin garinsu mai suna HZVV, inda ta yi shekaru tana wasa cikin yara maza. Ina roƙon ku riƙe wannan a zuciya: ba wata makarantar 'ya'yan masu hannu da shuni ta shiga ba, irin kulob ɗin nan ne da ke bayan gidajenmu, wanda iyaye ke tafiyar da shi kyauta.

Tana da shekara 14 ƙungiyar Heerenveen ta ɗauke ta, ta fara buga babbar gasar mata ta ƙasa a 2011 tana da shekara 15. Ita kanta gasar a 2007 aka kafa ta, hukumar ƙwallo ta KNVB kuwa sai a 1971 ta amince da wasan mata a hukumance. Wato hanyar da yarinyar ta bi sabuwa ce fil, ko a wajen Turawan. A ƙarshen 2014, lokacin da Holan ta kara da Italiya sau biyu domin neman gurbin kofin duniya, Holan ta ci ƙwallo uku jimilla, kuma duka ukun Miedema ce ta zura su. Da su ne matan ƙasar suka je kofin duniya karo na farko a tarihi.

A wannan shekara ta 2014 ta koma Bayern Munich a Jamus, tana gab da cika shekara 18. Nan ne labarinta ya fi taɓa ni, domin ta sha faɗa da bakinta cewa watannin farko sun yi mata tsanani, ga kewar gida, ga harshen da ba ta iya ba. Kowa a ɗakin nan ya san ɗacin zama cikin mutane suna dariya kai ba ka san abin da aka faɗa ba. Ta daure, ta ci kofin gasar lig ta Jamus sau biyu a jere, 2015 da 2016, alhali rabon matan Bayern da wannan kofi tun 1976. A 2017 ta tafi Arsenal a Landan. A can ta ci kofin gasar lig ta Ingila a 2019 da ƙwallo 22, a watan Disamba na shekarar kuma suka lallasa Bristol City da ci 11 da 1, ta ci shida da ƙafarta, ta bayar aka ci huɗu.

Waɗanda suka daɗe a nan za su tuna ranar 6 ga Agusta, 2017, da aka buga wasan ƙarshe na kofin Turai a Enschede, gari ya cika da riguna ruwan lemo. Holan ta doke Denmak da ci 4 da 2 a ƙarƙashin koci Sarina Wiegman, Miedema ta ci biyu. 'Yan'uwanmu na Kamaru kuwa, ku yi haƙuri in fama muku tsohon miki. Ranar 15 ga Yuni, 2019, a Valenciennes ta Faransa, a wasan kofin duniya tsakanin Holan da Kamaru, Miedema ta sa kai ta ci ta farko, Gabrielle Onguéné ta farke cikin minti biyu, muka yi ta tsalle a falo kamar an gama, daga ƙarshe aka tashi 3 da 1. Ƙwallon Miedema ta biyu a ranar ita ce ta 60 da ta ci wa ƙasarta, ta wuce Manon Melis mai 59, ta kuma wuce abin da kowane namiji ya taɓa ci wa Holan, tana da shekara 22 kacal. Matan Holan sun kai wasan ƙarshe, Amurka ta doke su 2 da nema. A wasannin Olamfik na Tokiyo a 2021 ta ci ƙwallo goma a wasa huɗu, huɗu daga ciki a ragar Zambiya.

An san ta da wata ɗabi'a da dattawanmu za su yaba: sau da yawa idan ta ci ƙwallo ba ta rawa ba ta ihu, juyawa kawai take ta koma tsakiyar fili, kamar wadda ta kai saƙo ta dawo.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba, don uwar da ta yi tambaya ta cancanci gaskiya. A ƙarshen 2022 Miedema ta nemi hutu saboda gajiya, ta fito fili ta ce wasanni sun yi wa 'yan wasa yawa. Ba a jima da dawowarta ba, a watan Disamba, jijiyar gwiwarta ta tsinke a wasa da Lyon. Aka yi mata tiyata, ta yi jinyar watanni masu yawa, kofin duniya na 2023 ya wuce ta. Irin wannan rauni ya yawaita a tsakanin mata 'yan ƙwallo, kuma sana'ar gajeriya ce, shi ya sa ba zan taɓa ba wa uba shawarar ya bar karatun 'yarsa ya yi rauni saboda tamaula ba. A 2024 ta bar Arsenal ta koma Manchester City, a watan Yuli na 2025 kuma, a wasa da Wales a Suwizalan, ta ci wa Holan ƙwallo ta 100.

Ni dai abin da na fahimta shi ne, cikin dubban yaran da ke fita fili ranar Asabar, ɗaya tak ce ta zama Miedema, amma dukansu ta ƙofa ɗaya suka shiga, kuma ƙofar tana buɗe ga namu. Na yi shekara guda ina hana tawa 'yar, kafin mahaifiyarta ta rinjaye ni. Ranar farko na je da takalmin zuwa masallaci, ƙarfe takwas da rabi na safe, ciyawa jiƙe da raɓa, sanyi ya ratsa ni har ƙashi. A bakin fili na ga yadda abin yake tafiya. Kocin mahaifin wata yarinya ne, ba a biyansa ko sisi. An manna takarda mai nuna wanda zai ɗauki yara a mota idan wasan a wani gari ne, da gidan da zai wanke rigunan wannan mako. A hutun rabin lokaci wata tsohuwa ta fito da bokitin ruwan zaƙi da ƙananan kofuna. Yarinyar da iyayenta ba sa zuwa, kowa yana lura, ita ma tana lura.

Game da sutura, wadda na san ita ce damuwar yawancinmu, tun 2014 dokokin wasan suka halatta rufe kai, kuma a kofin duniya na 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta. Tawa tana sa dogon wando a ƙarƙashin gajeren, babu wanda ya taɓa ce mata uffan. Kulob da yawa suna da rukunin 'yan mata zalla, sai a tambaya kafin a yi rajista. Idan aka sa ku aikin kantin kulob inda ake sayar da giya, ku faɗa musu tun farko, ku nemi tuƙi ko wanki a madadinsa. Ni haka na yi, aka amince. Wanda kuɗin shekara ya yi masa nauyi, akwai asusun Jeugdfonds Sport & Cultuur da ke biya wa yaran iyalai masu ƙaramin ƙarfi, ana nema ta hannun malamin makaranta ko ma'aikacin jin daɗin jama'a.

Shawarata ga shugaba ita ce a ware mutum biyu, namiji da mace, da za su raka duk iyayen da ke son zuwa su gani da idonsu kafin su yanke shawara. Na ba da sunana ga sakatare, motata tana ɗaukar mutum huɗu, kuma wasanmu na gaba Asabar ne da safe. Na gode, wassalamu alaikum.