Darasin Gyaran Mota: Esi Mai Sarrafa Kansa Ya Daina Sanyi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau esi mai maɓallin AUTO za mu duba, irin na Camry da Avalon da Lexus, wanda za ka sa masa digiri 22 shi kuma ya nemo sanyin da kansa.

Abin da ke damuna shi ne, da zarar sanyi ya ɗauke sai a ce gas ne, a ɗura. Wallahi kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin esi, da yawa haka aka kashe su, don gas in ya wuce kima matsi yake ƙarawa. Wannan esin yana da ƙwaƙwalwa, don haka fara tambayarta.

Ga yadda ake yi a yawancin Toyota masu wannan tsari. Kashe mota. Danna AUTO tare da maɓallin da ke juya iskar cikin mota, riƙe su, sannan ka murɗa makulli zuwa ON. Fitilun za su yi ta ƙyaftawa, sai lamba ta fito a gurbin da ake ganin awon zafi. In 00 ce, ba ta ga laifi ba. 11 sensar cikin mota ce, wato 'yar na'urar da ke auna zafi, 13 ta akwatin sanyi da ke cikin dashbod, 23 kuma matsin gas. To a nan ne za ka ɗauko gejin auna matsi, ka kuma nemi inda yake yoyo kafin ka ɗura gas irin wanda motar ke amfani da shi.

In ka ga 21 kada ka tsorata. Sensar rana ce, 'yar ƙwallon nan da ke kan dashbod gindin gilashi. A inuwar gareji dole ta nuna haka. Fitar da motar rana ko ka haska mata fitila mai ƙarfi, ka sake gwadawa.

Amma 12 nake so ku riƙe da kyau. Sensar waje ce, tana bayan bamba, gaban kwandensa, wato lagireton esi. Mota ta yi karo, an gyara gaba, an manta ba a mayar da soket ɗinta ba, ko wayar ta tsinke. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka garin ƙanƙara take, ta hana kwamfuresa tashi, alhali ana zafin Afrilu. Cire sensar, ɗora mata mitar gwajin lantarki. A zafin digiri 25 tana ba da kusan kilo'om 1.7, kuma in ka dumtse ta a hannu lambar za ta riƙa sauka. In ba ta motsa ba, sauya ta.

Saura 41. Wannan ƙaramin injin ne da ke juya ƙofar haɗa iska mai zafi da mai sanyi. Alamarsa ƙas-ƙas-ƙas a cikin dashbod, ko gefen direba sanyi, gefen fasinja zafi. Sauke akwatin gaban fasinja ka leƙa da tocila yayin da yaronka ke ɗaga lambar awon zafi yana saukewa. Tunda ka buɗe wurin, zaro filtar iska ma ka gani, ƙurar hunturu kan toshe ta har fanka ta kasa turo iska.