Yadda Ake Bibiyar Gasar Lig ta Ƙwallon Gelik da Harlin a Ayalan

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. A ƙarshen watan Janairu na kowace shekara, lokacin da sanyi da ruwan sama suke addabar tsibirin Ayalan, ake buɗe gasar lig ta wasanni biyu da mutanen ƙasar suka gada kaka da kakanni, wato ƙwallon Gelik da kuma wasan sanda da ake kira harlin. Gasar takan ɗauki wata biyu da 'yan kwanaki, a kammala ta a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Duk wanda ya san harkar zai gaya muku cewa ba ita ce babbar gasar shekara ba, domin kofunan da ake kwana ana mafarkinsu sai a watan Yuli ake ɗaga su. Duk da haka, teburin lig yana ɗauke da labarin kakar wasa gaba ɗaya ga wanda ya san inda zai sa ido, kuma sau da yawa wurin da ya kamata a sa idon yana can ƙasa da saman teburin rukuni na ɗaya.

Hukumar da take gudanar da waɗannan wasanni ita ce GAA, wato Gaelic Athletic Association, wadda aka kafa a ranar 1 ga Nuwamba, 1884, a garin Thurles na gundumar Tipperary, a zamanin da Ayalan take ƙarƙashin mulkin Birtaniya, kuma Michael Cusack da abokan tafiyarsa suka ga wasannin gargajiya suna neman ɓacewa. Ƙungiyoyin da suke fafatawa na gundumomi ne. Tsibirin yana da gundumomi 32, guda 26 a Jamhuriyar Ayalan, shida kuma a Ayalan ta Arewa, amma a fagen wasa duk gasa ɗaya suke bugawa kamar babu iyaka a tsakaninsu. Ba a biyan ɗan wasa albashi, ba a sayensa, ba a kuma sayar da shi. Yaro yana tasowa ne a kulob ɗin garinsu ko unguwarsu, idan ya yi fice sai a zaɓe shi ya wakilci gundumarsa. David Clifford na Kerry, wanda jama'a da dama suke ganin babu kamarsa a ƙwallon Gelik a wannan zamani, malamin makarantar sakandare ne.

Wannan tsari yana da sakamako mai nauyi. Gundumar Dublin tana da mutane fiye da miliyan 1.4, ita kuwa Leitrim mutanenta kimanin 35,000 ne, kuma babu wata dukiya da za ta ba Leitrim damar ɗauko gwani daga waje ta cike giɓin. A gasar larduna huɗu na tsibirin da ake yi daga baya, ƙuri'a da maƙwabtaka suna iya haɗa ƙaramar gunduma da babba, a yi mata dukan kawo wuƙa. A lig kuwa ana jera kowa da sa'ansa mako bayan mako, shi ya sa ga gundumomi irin su Leitrim da Carlow da Longford, hawa daga rukuni na huɗu zuwa na uku nasara ce ta gaske wadda ake yi wa murna.

Kafin a kai ga teburi, dole ne mai kallo ya iya karanta sakamakon wasa, domin a nan baƙo yake fara ruɗewa. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 15, ana buga minti 70, filin kuma ya fi na ƙwallon ƙafa tsawo da faɗi. Turakun raga dogaye ne, sun zarce sandar da ta gitta a sama. Idan ƙwallo ta shiga raga, maki uku ke nan, idan kuma ta bi ta saman sandar tsakanin turakun biyu, maki ɗaya ne. Ana rubuta sakamako da lambobi biyu, ta farko yawan ƙwallayen da suka shiga raga, ta biyu yawan makin da aka ci ta sama. A wasan ƙarshe na lig na 2024, Derry ta tashi da 3-18, Dublin kuma da 2-21, wanda idan aka lissafa ya zama 27 da 27, shi ya sa sai da aka je bugun fenareti kafin Derry ta ɗauki kofin. A ƙwallon Gelik ɗan wasa yana riƙe ƙwallo da hannu, amma bayan taku huɗu dole ya buga ta a ƙasa ko ya taɓa ta da ƙafa ta dawo hannunsa. A harlin kuwa, da sandar katako mai faɗin baki ake dukan wata 'yar ƙaramar ƙwallon fata mai suna sliotar, ana iya cin maki tun daga tsakiyar fili ko ma bayansa, kuma tun 2010 aka wajabta wa kowa sanya hular kwano.

A 2025 an yi wa ƙwallon Gelik gyaran fuska mai girma, bayan shekaru da 'yan kallo suka yi suna kukan cewa ƙungiyoyi sun koma tsaron gida kawai. Wani kwamiti ƙarƙashin Jim Gavin, tsohon kocin Dublin, ya kawo dokar da ta ce bugun da aka yi da ƙafa daga wajen wani zagayen layi mai nisan mita 40, idan ya bi ta saman sanda, maki biyu ne, sannan dole kowace ƙungiya ta bar 'yan wasa uku a ɓangaren abokan hamayya a kowane lokaci. A lig aka fara gwada waɗannan dokoki da gaske. Amfanin wannan ga mai bibiya shi ne ya daina ɗaukar ratar maki shida ko bakwai a matsayin an gama, musamman a ranar da iska take kaɗawa gefe ɗaya, domin ƙungiyar da iska ta koma bayanta bayan hutun rabin lokaci tana iya share ratar cikin 'yan mintuna.

Lig ɗin ƙwallo, wanda aka fara a kakar 1925 zuwa 1926 kuma Laois ta fara lashewa, yana da rukuni huɗu, kowanne da ƙungiyoyi takwas. Kilkenny ba ta shiga, domin can harlin ne ya mamaye komai, sai ƙungiyar Landan ta 'yan Ayalan mazauna Ingila ta cike gurbin. Kowace ƙungiya tana karawa da sauran bakwai sau ɗaya tak, babu zuwa da dawowa, saboda haka wasu suna samun wasa huɗu a gida, wasu uku. Nasara maki biyu ce a teburi, canjaras maki ɗaya. Biyun sama suna buga wasan ƙarshe na rukuninsu a Croke Park, filin da yake ɗaukar mutum 82,300 a birnin Dublin, kuma a rukunan ƙasa su ne suke hawa, biyun ƙasa kuma suna sauka. Idan ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki a maki, sakamakon karawarsu ake dubawa, idan kuma sun kai uku sai a koma kan bambancin makin da suka ci da wanda aka ci su.

Wasa bakwai ba su da yawa, kuma abin da ya faru a 2025 ya isa misali. Mayo ta ƙare a saman rukuni na ɗaya da maki 9. Tyrone ta samu maki 7, wato tazarar nasara ɗaya ce kacal tsakaninta da ta farko, amma ta sauka rukuni na biyu, saboda ta yi daidai da Armagh kuma Armagh ce ta doke ta a karawarsu. Derry kuwa, wadda ta ɗauki kofin shekara guda kafin nan, ba ta ci wasa ko ɗaya ba, ta bi Tyrone suka sauka tare.

A ɓangaren harlin, tun 2025 rukunai biyar ne masu ƙungiyoyi bakwai-bakwai, wato 1A da 1B da na biyu da na uku da na huɗu, kowace ƙungiya tana buga wasa shida. Ƙarfin wannan wasa ya taru ne a kudancin tsibirin da wasu 'yan wurare, irin su Kilkenny da Tipperary da Cork da Limerick da Clare da Waterford da Wexford, sai Galway a yamma, don haka tazarar da take tsakanin 1A da rukunan ƙasa ta fi ta ƙwallo faɗi nesa ba kusa ba. Kilkenny da Tipperary ne suka fi kowa lashe wannan lig, kowacce sau 19.

Makonnin farko suna buƙatar a kalle su da hankali. Filaye sun jiƙe sharkaf, sliotar ba ta gudu a caɓi kamar yadda take yi a busasshiyar ƙasa, matasan 'yan wasa da dama suna raba ƙafa tsakanin gundumarsu da gasar jami'o'i, wato kofin Sigerson a ƙwallo da kofin Fitzgibbon a harlin, sannan 'yan wasan da kulob ɗinsu ya kai wasan ƙarshe na ƙasa a Janairu sukan makara wajen dawowa. Kocin babbar ƙungiya yana amfani da wannan lokaci ne ya gwada sababbin jini, yana kuma ba 'yan wasansa horo mai tsanani wanda zai sa ƙafafunsu su yi nauyi a ranar wasa. Burinsa na farko shi ne ya tara maki shida ko bakwai ya tsira daga sauka. Saboda haka jerin sunayen da aka fitar kafin wasa yakan fi sakamakon kansa bayyana niyyar ƙungiya, kuma matashin da aka sa a wasa huɗu ko biyar a jere, alama ce cewa da shi za a shiga babbar gasa.

Inda wuta take ci da gaske shi ne ƙasan rukuni na biyu da saman rukuni na uku na ƙwallo. Dalili kuwa shi ne, tun 2023 ƙungiyoyi 16 ne kawai suke shiga neman kofin Sam Maguire, wanda shi ne kambun Ayalan baki ɗaya. Takwas daga cikinsu su ne waɗanda suka kai wasan ƙarshe a lardunan Leinster da Munster da Connacht da Ulster, gurbi ɗaya na wadda ta lashe kofin Tailteann a shekarar da ta gabata ne, sauran kuma da matsayin lig ake cike su. Duk wadda ba ta samu shiga ba, sai ta koma kofin Tailteann, gasar mataki na biyu da aka ƙirƙiro a 2022. A 2023 gundumar Meath, mai kofin Ayalan har bakwai a tarihinta, ta ƙare ta shida a rukuni na biyu, ba ta ma sauka ba, amma da Sligo da Clare, waɗanda suke ƙasa da ita a lig, suka kai wasan ƙarshe a lardunansu, sai gurbin Meath ya salwanta. Ta je ta lashe Tailteann ɗin a waccan shekara, kuma bayan shekara biyu ta kai wasan kusa da na ƙarshe na Sam Maguire. A ganina, wasan da ake yi tsakanin ta biyar da ta shida a rukuni na biyu a makon ƙarshe ya fi wasan ƙarshe na rukuni na ɗaya zafi, domin a can makomar kaka guda ce a kan faifai.

Hausawa suna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma akwai shekarun da lig ya gaskata wannan magana. Kerry ta haɗa lig da Sam Maguire a 2022 da 2025, Limerick ta haɗa lig da kofin Liam MacCarthy na harlin a 2023, Clare ma ta yi haka a 2024. Sai dai misalan da suka saɓa suna da yawa. Mayo, wadda rabonta da Sam Maguire tun 1951, ta doke Galway ta ɗauki lig a 2023, bayan mako ɗaya kacal Roscommon ta zo har gida Castlebar ta fitar da ita daga gasar Connacht. Derry ta 2024 ta sha kashi a hannun Donegal a wasanta na farko a Ulster, daga nan ba ta sake komawa daidai ba. Dublin a 2023 da Armagh a 2024 kuwa daga rukuni na biyu suka taso suka zama zakarun Ayalan. Wannan ne ya sa wasu kociyoyi ba sa ɗokin kai wa wasan ƙarshe na lig, tunda tun 2022 aka matse jadawali aka dawo da manyan wasannin ƙarshe daga Satumba zuwa Yuli, hutun da yake tsakanin lig da gasar larduna ya koma mako ɗaya ko biyu.

Babu labarin da ya kai na Cork da Tipperary a harlin na 2025. Cork ta lallasa Tipperary da 3-24 da 0-23 a wasan ƙarshe na lig, kofinta na farko a gasar tun 1998, magoya bayanta kuma suka fara ƙirga kwanaki, domin rabonsu da Liam MacCarthy tun 2005. A watan Yuli ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a Croke Park. Cork ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da maki shida, amma bayan an dawo maki biyu kacal ta iya ƙarawa, Tipperary ta ɗauki kofin da 3-27 da 1-18.

Ga mai son ya bi gasar daga nesa, yawancin wasanni ana buga su ne a daren Asabar da ranar Lahadi da rana. Tashar TG4 tana nuna da yawa daga cikinsu da sharhi a harshen Ayalan na asali, RTÉ kuma tana kawo wasu kai tsaye tare da taƙaitaccen shiri a daren Lahadi, sannan akwai manhajar GAA+ ta intanet ga waɗanda suke ƙasashen waje. A lura cewa daga Janairu zuwa ƙarshen Maris agogon Ayalan yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, wato wasan ƙarfe biyu a can ƙarfe uku ne a Kano ko Zinder. A Lahadin ƙarshe ta Maris suke tura agogonsu gaba, daga nan lokacin ya zama ɗaya har a kammala gasar larduna da manyan wasannin Yuli.